Bindigogin Baba da Ƙafar Emeka

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Istifanus, wanda mutanen Keffi suka fi sani da Baba Safiyo, wato mai awon ƙasa. Watannin baya, tun muna shiri da 'yan uwana, sun dame ni da in rubuta wani abu a kansa, tunda ni ce malamar makaranta a gidan, ni ce kuma na saba aiko wa wannan shafi 'yan rubuce-rubuce. Na san abin da suke so a ce. A ce ya yi wa gwamnati aikin awon ƙasa har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya karɓi na goro ba, a ce dattijon coci ne, a ce maharbi ne da ba a yi kamarsa ba. Na farko gaskiya ne, na biyu ma haka. Na ukun ne ya sa na ɗauki biro, kuma ba yabo na zo yi ba. Mai neman yabon mamaci ya juya shafi, zai same shi a baya tare da hotuna masu kyau.

Baba ya kamu da ciwon farauta tun yana saurayi, lokacin da yake jan sarƙar awo a bayan wani injiniya Bature mai aikin hanya. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa tarin tsofaffin mujallun farauta, kuma a cikinsu Baba ya samo aƙidar da ya riƙe fiye da yadda ya riƙe katekisim ɗin coci. Aƙidar ita ce, harsashi iri uku sun ishi mutum ya yi farauta ko'ina a duniya. Kowace bindiga da girman harsashin da take ci, abin da maharba ke kira kaliba, kuma Baba ya zaɓi nasa uku tun kafin a haife ni. Akwai ƙarama, .22, wadda muke kira Tutu, ta zomo da zabin daji da gyazbi. Akwai ta tsakiya, .30-06, wadda muke kira Tati, ta gada da gwanki da aladen daji, da wasu dabbobin Kanada masu ƙaho kamar reshen bishiya. Sai babbar, .375, wadda ya raɗa wa suna Giwa, ta ɓauna da zaki da dorina da ita giwar kanta.

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada ya sha wannan karatu. Mutum zai zo gaisuwar minti biyar, sai ya tarar da kansa a gindin mangwaro ana koya masa dalilin da ya sa mai bindiga goma bai san abin da yake so ba, mai guda ɗaya kuma bai san daji ba. Baba zai zagaya da kai Tanzaniya, ya haye da kai Alaska, ya sauke ka a Ostareliya, kowace dabba ya faɗa maka wace bindiga ce tata da inda za a saita mata. Fasto da kansa ya koyi ba da uzurin cewa yana da baƙi a gida. Mutumin da ke wannan zagayen duniya kuwa, mafi nisan tafiyar da ya taɓa yi ita ce Legas, ita ma kwas aka tura shi. Fasfo dai yana da shi, yana sabunta shi a kan kari, har ya mutu ba a buga masa hatimi ko ɗaya a ciki ba.

Da abin ya tsaya a surutu, da yau ni ma dariya zan yi tare da ku. Kowane gida yana da tsohonsa mai abin da ya ɗora wa rai. Mun jure cin abinci a ƙasa ranar Asabar saboda an shimfiɗa bindigogi a kan tebur ana shafa musu mai. Na jure uban da ya san nauyin kowane harsashi amma ya taɓa tambayata ajin da nake a gaban malamina. Waɗannan duk na yafe tun tuni. Akwai abu ɗaya da ban yafe ba, kuma yana kwana a gidana yana tashi.

Mijina Emeka bakanike ne. Iyayensa mutanen gabas ne, amma a nan Keffi aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Baba bai so aurenmu ba. Sai da dattawan coci suka yi ta sintiri kafin ya sa albarka, ita ma a daƙile. Bayan bikin ma bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “bakaniken nan naki”. Emeka kuwa Allah ya yi shi da son a so shi. Ya gyara wa Baba tsohuwar motarsa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bai taɓa karɓar ko kuɗin kayan gyara ba. Ya zauna a gindin mangwaro ya haddace karatun harsashi uku har yana iya ba da shi. Idan za a fita daji shi ne mai tuƙi, shi ne mai ɗaukar jaka, yana murna wai surukinsa ya fara sakewa da shi. Na sha faɗa masa cewa Baba bai san sakewa ba, amfani kawai ya sani. Sai ya yi dariya ya ce ni ce ban san maza ba.

Shekaru da yawa Baba yana da Tutu da Tati, da lasisinsu. Giwa ce ta gagare shi, ita ce kuma ta hana shi barci. Gab da ritayarsa sai ya ji labarin wani ɗan kwangila da zai bar ƙasar yana da ita. Ya yi ta zarya har mutumin ya yarda, amma da sharaɗin a ba shi Tati a ciki. Baba ya bayar. Ku lura da wannan da kyau. Mutumin da ya shekara talatin yana wa'azin cewa ta tsakiya ita ce ginshiƙi, ita ce bindigar duk wata dabba da ke dajinmu, shi ne ya sallamar da ita don ya mallaki bindigar dabbobin da bai taɓa gani ba sai a hoto. Giwa ta zo da ƙaramin kwali na harsashi, irin wanda ba a samu a ƙasar nan ko da kuɗi. Baba ya adana shi a akwatin ƙarfe. Yakan buɗe, ya goge kowanne da ƙyalle, ya mayar ya kulle. Na Tanzaniya ne, in ji shi.

A daminar da ɗanmu Dauda yake goye, manoman ƙauyen Agwada suka aiko. Wani ƙaton aladen daji ya addabe su, yana tone musu doya da rogo, ya kuma fara bin mata a hanyar rafi. Suna da dangantaka da mahaifiyarmu, sun kuma ji labarin Safiyo da sabuwar bindigarsa. Baba ya sa Emeka ya rufe gareji, suka kama hanya da sassafe. Na tuna na tsaya a ƙofa ina kallon Baba ya rataya Giwa a kafaɗa, Tutu kuma a hannun Emeka, har na ji hankalina ya kwanta. Na ce a raina, bindigar da aka yi don ɓauna ai alade ba zai gagare ta ba.

Abin da ya faru a can na ji shi daga bakin Emeka a gadon asibiti, na kuma ji shi daga bakin mai gonar, wanda ya zo dubiya yana ta sunkuyar da kai. Sun tarar da aladen a bakin gona. Baba ya karɓi Tutu, ya ce a bayan kunne zai sa masa, ya harba daga nesa. Harsashin ya samu muƙamuƙi. Ƙaramin harsashi a jikin dabba mai wannan ƙashi ba abin da yake yi sai tsokana. Aladen ya yi ƙara ya faɗa cikin kurmin da ke bakin rafi, yana zubar da jini.

Maharban ƙasarmu suna da doka a kan wannan, kuma ba wanda ya fi Baba saninta. Wanda ya fitar wa dabba jini shi ke shiga gaba wajen bin jinin. Ba a wakilci, ba a aike. Dalilin a fili yake: dabba mai rauni tana komawa ta laɓe ta jira mai binta, don haka wanda ya ɓata mata rai shi ya kamata ya fara haɗuwa da ita. Wannan doka ce ke sa maharbi ya yi tunani sau biyu kafin ya ja kunama. Baba ya tsaya a bakin kurmi ya ce gwiwarsa ta motsa. Ya miƙa wa Emeka Tutu a gaban manoma, ya ce, “Ba kai kake so ka zama ɗan gida ba? To, ga hanya. Ina bayanka da Giwa.” A karo na farko ya yi masa magana kamar mutum, kuma abin da ya faɗa ke nan.

Emeka ya shiga. Bai taɓa bin jini ba a rayuwarsa, amma ya san abin da ke bayansa bindigar kashe giwa ce a hannun gwani. Aladen ya fito masa daga gefe, ya kayar da shi, ya sa haure a cinyarsa ta hagu ya tsarge har gwiwa. Emeka ya ce yana ƙasa yana jiran ƙarar Giwa, yana jira, bai ji ta ba. Manoma ne suka taru da masu da adda da wata bindigar toka suka gama da dabbar. Suka ɗaure cinyar da igiyar ɗaurin doya, aka kawo shi Keffi a bayan motar da shi ne ya tuƙa ta da safe. Likitoci sun ceci ransa, sun ceci ƙafar, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasawa ba. Bakaniken da ba ya iya durƙusawa ya shiga ƙarƙashin mota, ku auna da kanku abin da ya rage masa na sana'a.

Da na samu kaina na tafi gida na tarar da Baba a tebur yana shafa wa Giwa mai. Na tambaye shi me ya hana shi harbi. Wallahi da amsa ɗaya na je nema. Da ya ce ya ji tsoron kada ya samu Emeka, da na rungume shi na yi kuka, da wannan rubutu bai taɓa zuwa ba. Bai ɗago kai ba. Ya ce ba harsashi a cikinta, ya bar su a gida. Na ce, ya bar su a gida kamar yaya? Sai ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, “Saratu, harsashin Giwa ba na alade ba ne.”

Wato ya ɗauki bindigar ne don mutanen Agwada su gani su yi sha'awa. Ya tura mijina cikin kurmi da alkawarin kariyar da ya san babu ita. Kuma har a wannan rana, da jinin surukinsa bai gama bushewa a bayan motarsa ba, abin da ya fi damunsa shi ne kada a ce ya ɓarnatar da harsashin Tanzaniya a kan alade.

Labarin da ya zagaya gari daban ne. Abokan farautarsa suka ce yaron ne ya yi rawar kai, ya ruga gaba ba a sa shi ba, ɗan kudu bai san daji ba. Baba bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, bai kuma taɓa ƙaryatawa ba. Na so in tashi a coci in fasa ƙwai, Emeka ya hana ni. Ya ce suruki uba ne, ba a tsirara uba a kasuwa, kuma shi baƙo ne a dangin, in ya yi magana za a ce ga abin da ake gudu. Na yi shiru don shi. Baba ya ƙara shekara goma a duniya yana ba da karatunsa a gindin mangwaro, da Dauda a kan cinyarsa, uban yaron kuma yana wucewa ta gabansu yana jan ƙafa. Hawan jini ne ya kashe shi, a kan gadonsa, cikin 'ya'ya da jikoki. Bai nemi gafarar kowa ba, kuma harsashin Giwa ko ɗaya bai taɓa tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo ya ga yau. Dajin da yake taƙama da shi tsakanin Keffi da Agwada rabinsa ya zama fulotai, an kafa duwatsun awo irin nasa har inda gada ke kiwo a da. Rabin da ya rage kuwa ba mai shigarsa don nishaɗi. Yanzu in aka ji ƙarar bindiga a daji ba wanda ke tunanin nama, sai dai kowa ya fara kiran 'yan uwansa a waya ya ji ko sun iso gida. Yaran ajina sun san sunayen bindigogin da Baba bai taɓa ji ba, kuma ba a mujalla suka koya ba. Wani uban zai ga wannan ya yi baƙin ciki. Nawa, in na san shi, zai fi jin haushin cewa masu satar mutane ba sa shafa wa bindigoginsu mai yadda ya kamata, sannan ya ƙara da cewa ko su ma uku sun ishe su.

Ban zaci zan sake haɗuwa da waɗannan ƙarafa ba. Bayan jana'iza an ce mana an miƙa bindigogin Baba ga hukuma, tunda lasisi da mai shi yake mutuwa. Ashe yayana Ayuba ya naɗe su a buhu ya tura cikin silin na gidan gado. Bana da ruwa ya ɓata rufin aka zo gyara, sai ga su. Ganinsu ya tayar masa da tsohon tsimi. Ya tara ragowar abokan Baba, waɗanda yawancinsu yanzu ko sandar tafiya da ƙyar suke riƙewa, suka shirya bikin tunawa: sujadar godiya a Keffi, sannan a ɗunguma Agwada a yi harbin maharba. Al'adar ita ce, magajin maharbi ya ɗaga bindigar mamacin ya harba sama a gaban jama'a, daga ranar kuma ta zama tasa, ya tafi da ita gida. 'Ya'yan Yaya Ayuba suna Abuja, ba ruwansu da daji. Sai ido ya faɗa kan Dauda.

Dauda ya gama bautar ƙasa yana zaune ba aiki. Yini yake yi a waya yana kallon Turawa suna gardamar wane harsashi ya fi wane, yana kirana in zo in ji, wai ga shi abin da Kaka ya faɗa tun da daɗewa shi suke faɗa yanzu. A wurinsa kakansa gwarzo ne da aka haifa a ƙasar da ba ta san darajarsa ba. Da kawunsa ya ce shi zai harba Giwa, yaron nan har tsalle ya yi.

Ni kuwa abin da na hango daban ne. Na hango saurayi mai sunan mahaifi na kudu, ba aiki, ba lasisi, an buɗe but ɗin mota a shingen hanya an tarar da bindigar kashe giwa. Wa zai tsaya jin labarin al'ada? Kafin mu iso an ɗauki hotonsa a durƙushe da bindigar a gabansa. In ya tsallake wannan, akwai harsashin da ya girme shi a cikin bututun da ya sha ruwan silin, fuskarsa kuma a manne da ita. In ya tsallake wannan ma, to ya kawo ta gidana ke nan, da ita da karatunta, na sake zaman da na yi ina yarinya. Wannan mutum ya ci ƙafar mijina yana raye. Ban ga dalilin da zan miƙa masa ɗana yana kabari ba.

Aka kira taron dangi a gidan gado, a gindin mangwaron nan. Na fara da lallashi, na kawo maganar doka, na kawo maganar hanya. Yaya Ayuba ya ce ya san mutane, ba abin da zai faru, kuma mace ba ta da ta cewa a maganar bindiga. Dauda ya ce, “Mama, wannan fa legasi ne, gadon Kaka, ke ba za ki gane ba.” Nan ne abin da na haɗiye shekara da shekaru ya taso. Na faɗi komai, tun daga Tati da aka musanya har zuwa harsashin da aka bari a akwati, har da maganar da Baba ya faɗa mini a tebur. Wani tsoho cikin abokan Baba ya kawar da kai yana kallon katanga, na san ya sani.

Dauda ya juya wurin ubansa ya ce, “Dadi, gaskiya ne?”

Na dubi Emeka, na tabbata yau zai buɗe baki. Ya daɗe yana murza kan sandarsa, sannan ya ce, “Kakanka ya rasu, Dauda. A bar shi ya huta.”

Shi ke nan aka gama da ni. Yaya Ayuba ya ce kowa ya ji, ko mai ƙafar bai ce haka ba, ƙiyayya ce kawai irin ta Saratu. Dauda ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce bai san zan iya yi wa mamaci ƙage ba. Muka kama hanyar gida ni da Emeka. Shi ne ya ce, “Maman Dauda, abeg, ki yi haƙuri, ban iya ba.” Na ce na sani, ai shi ya sa Baba ya zaɓe ka ka shiga gaba. Magana ce mai zafi, kuma ban janye ta ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki, na tashi daga makaranta ban biya gida ba. Na nemi wata tsohuwar ɗalibata lauya ta raka ni ofishin 'yan sanda. Na ce mahaifina ya rasu ya bar bindigogi, an gano su a rufin gida, iyali suna so su miƙa. Ban ce an ɓoye ba, ban ambaci biki ba. Suka bi mu da mota har gidan gado, unguwa ta fito kallo. Aka sauko da Tutu da Giwa da akwatin ƙarfe, aka rubuta, aka tafi da su. Yaya Ayuba ya yini a ofishinsu yana amsa tambayoyi kafin su sallame shi. Da ya fito ya tsaya a gabana ya ce daga yau ba shi da ƙanwa. Na ce ya je ya shigar da ƙara wurin Baba.

An yi sujadar godiya ba a gayyace ni ba, tafiya Agwada kuma ta rushe, tunda ba abin harbawa. An ce mini fasto ya yi wa'azi a kan girmama iyaye, kowa ya san da wa ake. Matan zumuntar coci da muka shekara ashirin muna zama benci ɗaya yanzu gaisuwar nesa suke yi mini. Waɗannan ba su dame ni ba. Dauda ne ya haɗa jakarsa a ranar da aka kwashe bindigogin ya koma wurin wani abokinsa a Mararraba. Ina kira ba ya ɗauka. Ina aika saƙo ina ganin alamar ya karanta.

To, me ya rage na Baba Safiyo bayan shekara goma sha biyu? Duwatsun awon da ya kafa suna nan, ba a taɓa samun rigima a kan iyakar da ya ja ba, wannan na ba shi. Aƙidarsa ma wataƙila daidai ce, ga Turawa can a waya suna maimaita ta, mai yiwuwa harsashi uku sun ishi duniya. Sai dai shi bai je duniyar ba. A Agwada aka neme shi, gonar dangin matarsa, dabba ɗaya, kuma a nan ya gaza ta kowace fuska: ya sayar da bindigar da ta dace, ya yi rowar harsashin da zai yi aiki, ya karya dokar da yake koya wa wasu. Gadon da ya bar wa gidana shi ne namiji mai kirki da ke hawa matakalar coci da gefe, da ɗan da ya fi yarda da mamaci a kan uwarsa. Masu cewa ba a faɗin laifin wanda ya mutu, ina so su zo su ga yadda Emeka ke sa wando da safe.

Ranar Lahadin da ta wuce muna cin abincin rana wayar Emeka ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ban bi shi ba, ban kuma kasa kunne ba, amma gidanmu ƙarami ne. Na ji muryarsa tana tafiya a hankali ba tsayawa, irin ta mai ba da labari tun daga farko. Tuwo ya huce a gabana. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, “Dauda ne, shi ne ya tambaya. Ya ce wani tsoho cikin abokan Baba ya kira shi. Na faɗa masa duka.”

Na ce, “Me ya ce?”

“Ya yi kuka. Ya ce zai zo ya gan ni a gareji.”

“Ni fa? Ya ce a gaishe ni?”

Emeka ya daɗe yana kallon kwanonsa, don bai iya ƙarya ba, shiru kawai ya iya. Ya ce, “Bai ce ba.”

Na tashi na kwashe kwanuka na kai kicin. Ɗana yana Mararraba yana fushi da ni, da ƙafafunsa biyu da idanunsa biyu, ba kuma a hannun kowa yake ba. In farashin ke nan, Baba, na biya, kuma wannan karon ba ka samu ɗana ba.